Jawabin da Na Yi wa Tsuntsayen Jan Baki

Ba zan taɓa mantawa da yinin da baƙuwa daga gidan talabijin ta sauka a zaurena ba, kuma ko da tsufa ya yi mini alheri na manta, mutanen ƙauyenmu sun ɗauki nauyin tunatar da ni har ranar da za a kai ni makwancina. Tun da kuwa labarin ya riga ya zaga daga Kura har Bunkure, kowa yana ƙara masa gishiri gwargwadon yadda ya ɗauke ni, na ga ya fi dacewa in rubuta shi da hannuna. Idan har za a yi wa dattijo dariya, gara a yi ta bisa gaskiya.

Sa'ad da aka fara sako ruwa a magudanun nan namu, ina saurayi, kuma mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin manoman farko da suka yarda su gwada noman rani da ruwan magudana, a lokacin da yawancin dattawa ke cewa ƙasar da aka hana ta hutun rani sai ta yi fushi. Wata rana sai ga mutanen talabijin daga birni, da mota, da wata na'ura mai ƙafa uku, sun zo ɗaukar shirin manoma. Suka ɗauki mahaifina a bakin ruwa. Ni kuma aka sa ni in nuna yadda ake zuƙo ruwa da tiyo daga magudana zuwa cikin gona: ka nutsa shi har ya cika, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka tsallakar da shi kan gaɓa, sannan ka saki. Da na gama, na yi jawabi. A wancan zamani jawabin bai wuce ƴan kalmomi ba, amma da yake jawabi ne mai albarka, ya yi ta girma a bakina shekara bayan shekara, har ya kai matsayin da sai an yi mini shimfiɗa an kawo ruwa kafin in fara maimaita shi.

Mun kalli shirin a shagon aminina Bitrus, makanikin injin ban ruwa, wanda ya zo mana daga Filato tun yana matashi ya zauna a cikinmu. Shi kaɗai ke da akwatin talabijin a lokacin, baƙi da fari, yana aiki da batirin mota. Daga ranar na zama abin da na zama. Ba a yin taron manoma ban faɗi cewa na taɓa fitowa a talabijin ba. Taubashina Sale ya laƙaba mini suna Na-Akwati, ni kuwa na karɓi sunan kamar sarauta, ban gane tsokana ce ba sai da gemuna ya yi fari.

Amma akwai abin da ban taɓa faɗa a taro ba. Mahaifina mutum ne da bai yarda da mai hoto ba duk tsawon rayuwarsa. Bai bar mana hoto ko guda ba. Wannan shiri shi ne kaɗai wurin da na'ura ta taɓa kama fuskarsa da muryarsa. Da shekaru suka ja, na wayi gari ina iya tuna rawaninsa da sandarsa da irin tarin da yake yi kafin ya yi magana, amma fuskar kanta ta soma dushewa a zuciyata. Jikokina kuwa sukan tambaye ni kamanninsa, sai in ce dogo ne kawai. Saboda haka idan ina fankamar jawabina, Allah ya sani, rabin abin da nake nema ba jawabin ba ne.

Na aika birni ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ina roƙon a ba ni kwafin shirin. Amsar da ta dawo daga ƙarshe ita ce babu shi. Wai a zamanin da, kaset na da wuyar samu, don haka idan an watsa shiri sai a goge a naɗi wani a kansa. Waɗanda suka tsira daga gogewa kuma rufin ɗakin ajiya ya yi musu yoyo, gara ta ƙarasa sauran. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zauna na rubuta musu wasiƙa shafi huɗu, da Hausar da ba a yin irinta yanzu, na kira su maciya amanar tarihi, na ce mutumin da aka ba shi ajiya ya tozarta ta bai cancanci a ba shi tsaron ko da akurkin kaji ba. (Ina roƙon mai karatu ya riƙe maganar akurkin nan, za mu dawo gare ta.) Kafin in aika, sai da na karanta wasiƙar a majalisa sau uku, ana jinjina kai.

A nan dole in koma baya kaɗan. Shekaru da dama da suka wuce, bayan rasuwar matar Bitrus, ya tattara ya koma garinsu. Da zai tafi ya kawo mini wani kwali ɗaure da igiya, ya ce in ajiye masa. Na tuna ya yi wata magana game da abin da ke ciki, amma a daidai lokacin ina tsakiyar ba shi shawara kan yadda zai yi noma a ƙasar duwatsu, wadda ban taɓa taka ta ba, don haka maganarsa ta wuce ta gefen kunnena. Na ɗora kwalin a kan katako a ɗakin da nake ajiye taki da buhuna, na manta da shi.

To, a shekarar da abin ya faru, shinkafata ta yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba. Ta fitar da kai, ƙwayar tana ruwa-ruwa kamar madara, kuma duk manomi ya san wannan shi ne lokacin da tsuntsayen jan baki ke sauka. Suka zo kuwa kamar hadari. Mun yi ihu, mun buga gwangwani, mun kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigata (wanda Sale ya ce ya fi ni kwarjini domin shi ba ya magana), duk a banza. Abin da muka saba yi a nan shi ne a samo zaren tsohon kaset a ɗaɗɗaura a kan turaku, ya ratsa gona. Idan rana ta haska shi yana walƙiya, idan iska ta kaɗa shi yana wani irin gurnani, tsuntsu ba ya son haka. Sai dai kaset ya yi wuya a zamanin wayar hannu. Ina cikin binciken ɗakin taki ko zan sami leda mai ƙyalli, sai idona ya faɗa kan kwalin.

Na kwance igiya, na tarar da kaset ɗin bidiyo jere, manya-manya, rubutun jikinsu duk ya koɗe. Na ce a raina finafinan Indiya ne na zamanin ƙuruciyar Bitrus, ga shi shekaru sun shuɗe bai waiwaye su ba, na'urar kallonsu ma ta ɓace daga duniya. Na ga kamar arziki ne Allah ya ajiye mini. Na zauna a tsakar gida da ƙusa, ina ɓalle su ɗaya bayan ɗaya ina zaro zaren ina naɗewa a kara. Mai ɗakina Hajiya ta tsaya a kaina ta ce ai wannan ajiyar mutum ce, na ce mata ta bar maganar noma ga manoma. Guda ɗaya ne kawai ya gagare ni: na ja zarensa ya fi rabi, sai ya sarƙe a ciki, na tsinke na jefa shi cikin kwali tare da sauran ƙwansuna.

Ban tsaya nan ba. Da na ga gonata tana walƙiya daga wannan gaɓa zuwa waccan, tsuntsaye suna karkacewa suna faɗawa gonar Sale, sai na yi abin da na fi ƙwarewa a kai, wato na tara mutane na yi musu bayani. Na nuna musu cewa zaren bidiyo ya fi na rediyo faɗi, ya fi shi ƙyalli, ya fi shi murya. Na rarraba ragowar ga maƙwabtan gona, kowa da ƙullinsa, ana yi mini godiya ina amsawa da kai kamar mai rabon zakka.

Bayan kamar mako uku da wannan sai saƙo ya zo cewa wasiƙata ta isa, kuma za a turo wakiliya ta same ni. A cikin makon ne kuma Bitrus ya dawo, ya tsufa ya rame, ya zo ya zauna wurin ɗansa mai injin casar shinkafa a Kura. Na aika masa cewa lalle ya halarta, ya ga yadda ake koya wa mutanen birni hankali. Na sa aka share zaure, aka shimfiɗa tabarmi, na sa babbar rigata ta Sallah, na gayyaci duk wanda ya taɓa sauraron wasiƙar.

Wakiliyar ta iso da hantsi. Malama Rakiya sunanta, mace mai kimanin shekarun babbar ƴata, mai natsuwa da ladabi. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce an ɗora mata aikin nemo duk abin da ya saura na tsofaffin shirye-shirye, kuma wasiƙata ta sa ta kuka domin abin da na faɗa gaskiya ne. Ta ba da haƙuri a madadin waɗanda suka gabace ta. Mutumin kirki da a nan zai tsaya. Ni kuwa na gyara zama, na yi gyaran murya, na shiga wa'azi a kan amana. Na ce mu mutanen karkara, ko allura aka ba mu ajiya, jikan mai ita zai zo ya tarar da ita. Na sake kawo maganar akurki. Ta sunkuyar da kai tana saurare, jama'a suna cewa haka ne.

Da na tsagaita don in sha ruwa, ta ce yanzu fatansu ya koma kan mutanen da suka naɗi shirye-shirye a gidajensu a zamanin bidiyo, ko akwai wanda muka sani. Sai Bitrus ya ɗaga hannu a hankali. Ya ce shi kam ya naɗa. Ya ce bayan wasu shekaru an maimaita shirin namu, lokacin ya sayi bidiyo na hannu, ya naɗe shi tare da wasu shirye-shiryen manoma da na wasan kwaikwayo, sai dai na'urar ta lalace kafin ya nuna wa kowa. Sannan ya juyo gare ni yana murmushi.

"Ai suna wurinka, mutumina. Kwalin nan da na ba ka. Har na ce maka Baba yana ciki, ka kula da shi."

Da a ce ni mai saurin fahimta ne, da a nan zan suma in huta. Amma farin ciki ya riga hankali isowa. Abin da kawai na ji shi ne Baba yana ciki, kuma a gidana. Na miƙe tsaye, na dubi Malama Rakiya, na ce ta gani da idonta bambancin ajiyar birni da ta ƙauye. Na ja gaba, ita da Bitrus da Sale da wasu dattawa suna biye, har ƙofar ɗakin taki. Sai da na ɗora hannu a kan kwalin, na ji shi sakayau kamar babu komai, sannan abin ya faɗo mini gaba ɗaya, tun daga ƙusa har zuwa turaku.

Na so in ce ba wannan kwalin ba ne, amma Bitrus ya riga ya gane igiyarsa. Malama Rakiya ta ɗauki kaset guda ta ɗaga shi ga haske, ta ɗauki na biyu, ta ɗauki na uku. Cikin ladabi ta tambaye ni ina zaren yake. Na buɗe baki, kuma a karo na farko tun da aka yaye ni, babu abin da ya fito. Hajiya ce ta amsa daga bayan labule, da muryar da take faɗa wa baƙo inda buta take.

"Yana gona, ƴata. Yana gadin shinkafa."

Babu wanda ya yi dariya a lokacin, kuma wannan shiru ya fi mini dariya ciwo. Malama Rakiya ta ce ko za a kai ta ta gani. Muka bi gefen magudana a jere, ni a gaba da babbar rigar Sallah, ina jin kamar ana raka ni wurin alƙali. Da muka isa, ga gonata tana walƙiya a tsakar rana, zare yana kaɗawa yana gurnani, ga na maƙwabta ma can suna amsawa. Sale ya tsaya ya riƙe ƙugu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce:

"Ashe shi ya sa suka gudo gonata. Na-Akwati, mako uku kana yi musu jawabi ba hutawa, wane tsuntsu ne zai iya?"

Nan fa dariya ta ɓarke, har da dattawan da ɗazu suke cewa haka ne. Wani ya tambaya a hankali ko akwai mai akurkin da ke neman mai gadi. Ban ji haushinsu ba, domin hankalina ba ya wurinsu. Ina duban zaren nan ne ina tunanin cewa fuskar da na yi shekaru ina nema a birni, ni da hannuna na shanya ta a rana saboda tsuntsaye. Na juya ga Bitrus na roƙe shi gafara a gaban kowa. Ya kama hannuna ya ce shi ma da laifinsa, da ya san halina ai da sai ya jira na gama magana kafin ya faɗa, ko da zai kai shi washegari.

Malama Rakiya ba ta yi dariya ba, ba ta kuma rama wa'azina ba, ko da yake na ba ta dama shafi huɗu. Ta taɓa zaren ta ce rana da raɓa sun riga sun yi masa illa, da wuya a sami wani abu, amma duk da haka a tattara. Abin da ya biyo baya shi ne ya sanyaya mini rai. Mutanen nan da suka gama yi mini dariya suka tuɓe takalma suka shiga gonaki, kowa yana kwance zaren da na ba shi yana naɗewa a kara a hankali, alhali sun san da zarar an cire shi jan baki zai dawo. Sale da kansa ya kwaso gwangwanaye ya ɗaɗɗaura mini a madadinsa. Da muka koma gida ta sake duba kwalin, ta ci karo da kaset ɗin nan da ya sarƙe. Ta ce wannan akwai saura a cikinsa, kuma bai ga rana ba. Ta naɗe shi a mayafinta ta tafi da shi, ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Tsuntsaye sun ci rabonsu a shekarar, ban kuma yi ƙorafi ba. Muka yi girbi, muka shiga aikin tumatir da albasa, ni kuwa na rage zuwa majalisa. Sai wata ranar Asabar da la'asar ga Malama Rakiya ta dawo da wata na'urar kallo mai kama da faranti a jakarta. Ta ce zaren gona bai yi rai ba, kamar yadda ta zata. Amma ragowar da ta sarƙe, masu gyara sun lallaɓa ta, kuma cikin ikon Allah farkon shirinmu ne, na ɗan lokaci kaɗan. Na aika aka kira Bitrus da Sale, Hajiya da jikoki suka cika zaure.

Hoton yana rawa, yana yayyafi, amma ga magudana nan sabuwa fil, babu ciyawa ko ɗaya a gaɓarta. Ga wani dattijo tsugune yana ɗiban ruwa da tafin hannu yana dubawa kamar bai yarda da shi ba. Ya ɗago kai. Ashe ba dogo ba ne sosai. Ashe yana da ɗan gibi a haƙoransa na gaba, irin wanda ƙaramar jikata take da shi, wanda na yi ta tambayar daga ina ta samo. Ya yi tarin nan nasa, ya fara bayanin yadda ruwa ya iso. Sai ga wani siririn saurayi ya kutso daga gefe da tiyo a hannu, ba a ganin komai nasa sai ƙeya da kunne, ya soma magana a kan maganar dattijon. Mahaifina ya juyo ya dube shi.

"Kai, yi shiru mana ka saurara. Kullum bakinka yana gaban kunnenka."

Daga nan hoton ya yanke. Iyakar abin da tarihi ya ga dama ya ajiye game da ni ke nan: ƙeya, da kunne guda, da wannan shaida. Jawabin kuwa, tsuntsaye ne suka yi masa sauraron ƙarshe.

Zaure ya kaure da dariya, ni ma ina yi, hawaye yana bin gemuna, ban san wanne ne ya fi yawa ba. Na roƙi a maimaita, aka maimaita har sau bakwai. Jikokina yanzu kowa yana da mahaifina a wayarsa. Labarin abin kunyata kuma ya yi amfanin da wasiƙata ba ta yi ba, domin da ya bazu, mutane suka shiga binciken ɗakunan ajiyarsu kafin su ma a kama su. Malama Rakiya ta ce an kai mata kaset daga ƙauyuka da dama, wasu har da shirye-shiryen da aka daɗe da fid da rai da su. Na sake rubuta wa gidan talabijin wasiƙa, wannan karon layi biyar, kuma ban karanta ta a majalisa ba.

Abin da na koya bai da yawa, amma na saye shi da tsada. Idan mutum ya miƙo mini ajiya yanzu, nakan rufe bakina har ya gama faɗin abin da ke ciki, sannan in sa ya maimaita. Hajiya ta ce wannan tarbiyya ce da mahaifina ya fara tun ina saurayi, sai dai saƙon ya yi shekaru a ɗakin taki kafin ya iso. Sale kuwa ya sauya mini suna, yanzu Sarkin Jan Baki yake kirana, kuma duk shekara idan shinkafa ta fitar da kai yakan aiko a tambaye ni ko ina da wani jawabin da zan ba shi aro.